Shafi na Biyu na Takardar Mista Boyle

"Ai lambobin shaidar nan da ake sayarwa na yara ƙanana ne," in ji Verna, tana ninke zanin gado. "Yaro ba zai sani ba sai ya girma ya je neman haya, a ce masa sunansa ya daɗe da ɓaci."

Ba da Odessa take ba. Da wata take hira can ƙarshen tebur, a ɗakin wankin da suke aiki. Amma hannun Odessa ya tsaya cak a kan injin guga. Katin na cikin aljihunta, an rubuta masa lambobi tara da shuɗin biro.

Shekaranjiya ta karɓo shi. Gidaje uku a Memphis sun hana ta haya saboda wani tsohon bashin asibiti, ita kuma ta gaji da kwana a falon gwaggonta ita da Junie, 'yarta mai shekara huɗu. Mista Boyle, mai ofis kusa da shagon tayoyi, ya ce zai wanke mata suna tas. Ya karɓi kuɗinsa nan take, ya ba ta sabuwar lamba, ya ce ta manta da wadda gwamnati ta ba ta.

Da aka tashi cin abinci ta raɓa kusa da Verna.

"Anti Verna, wata ƙawata ce..."

"Ƙawar taki mai irin takalminki? Yi magana, 'yar nan, ba na cizo."

Odessa ta miƙa katin. Verna ta ajiye cokali.

"Kin rubuta ta a takardar haya?"

"Tukuna."

"Allah ya so ki. Kina rubutawa ke za a kama, shi yana can yana shan iska. Kuma wa ya ce ana biyan irinsu kafin aiki? Doka ta hana! Kwana uku gare ki ki fasa, a rubuce. Yau za ki, ba gobe ba."

A bayan takardar wanki suka rubuta cewa ta fasa. Verna ta ɗauki hotonta da waya.

Abin da Odessa ta kasa faɗa shi ne shafi na biyu na takardar da ta cika wa Mista Boyle. Akwai gurbin 'ya'ya, suna da lamba. "Don cika fayil ne kawai," in ji shi a ranar, ita kuma ta zaro katin lambar Junie daga jaka ta kwafe masa da kyau, har tana duba kar ta yi kuskure.

Ana tashi daga aiki ta hau bas zuwa ofishin Mista Boyle.

Ta same shi yana cin soyayyar kaza a kan tebur.

"A'a, gimbiya! Har an samu gidan?"

Ta ajiye takardar da katin. Ya karanta, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yake zuga ki? Kin san dai da sa hannunki a nan, ko? In aka zo, tare za a tafi da mu."

Ta waiga. Ƙofa na bayanta, taku biyu. Sai idonta ya sauka gefen wayarsa, kan fararen katuna da aka ɗaure da roba, sun fi ashirin, na saman da shuɗin biro.

Ta ɗago ta dube shi.

"Mista Boyle, lambar 'yata, wa ka ba wa?"