Kashe Min Wutar Nan

Ƙarfe tara na safe tsohuwar motar Fijo ta mutu a layin shiga Sakatariya, ta ƙi tashi. Masu gadi uku da wani mai sayar da katin waya suka tura ta, Malam Maitama yana zaune a baya ya ɗaga jarida ya rufe fuska kamar motar ta wani ce. Da injin ya kama, Malam Maitama ya fito, ya sunkuyo ta tagar direbansa.

"Zacharias, batir na uku ke nan cikin wata biyu. Sabon batir ba ya mutuwa a kwana tara sai in an canja shi da tsoho. Ban ce kai ne ba. Amma ƙarfe huɗu ina son motar nan a nan, tare da dalili. In babu dalili ka ajiye min makulli, ka ce wa Lydia ta fara ɗaure kaya."

Shekara goma sha ɗaya Zacharias yana tuƙa shi, shi da matarsa Lydia suna zaune a ɗakin bayan gidansa a Garki. A shekarar nan ne gwamnati ta janye motocin ofis. Sa'o'in Malam Maitama ba su ji komai ba, kowa ya fito da sabuwar mota mai baƙin gilashi, don garin ya cika da kwangila. Shi kuwa mataimakin daraktan, ko dai mai gaskiya ne ko kuma fayil mai maiƙo bai taɓa biyowa ta teburinsa ba, sai ya koma wa tsohuwar 504 ɗinsa.

Zacharias bai yarda injin ya huta ba har Karu, wurin mai gyara. A goslo na gangaren Kugbo ƙafa ɗaya tana kan birki, ɗaya tana kan totur, bakinsa yana ta maimaita kalma ɗaya da ogan bai furta ba. Ɓarawo.

Sabo, tsohon mai gyaran wayar mota, yana cin gyaɗa a gaban rumfarsa. Bai tashi ba.

"Baba Sabo, motar ya sake mutuwa."

"Ta sake. Mota mace ce, Zakariya. Shekara nawa ina gaya maka?"

"Ko mace ko namiji, ba ya caji. An canja fambel a Apo. An canja kabon na caji a Nyanya. Ƙarfe huɗu oga ya ce."

"To ka je wa na Apo da na Nyanya mana. Sai da ta kai gargara ka tuna da ni?"

Ya gama gyaɗarsa tas, ya karkaɗe riga, sannan ya ɗauko mitar awon wuta. Zacharias ya zauna a benci, ya tashi, ya zagaya motar, ya duba agogo, ya sake zama. Sha ɗaya da rabi. A tsallaken titi ana zuba kankare a wani bene, injin kwaɓa siminti yana ƙara kamar a cikin kansa yake juyawa.

Sabo ya ɗora wayoyin mitar a kan batir, injin yana aiki. "Sha biyu da 'yan kai, kuma sauka take. Kamata ya yi in ga sha huɗu. Motar nan cin batir take yi, ba ta mayar masa da komai."

"Na sani, Baba. Me ya sa?"

"Kai ne mai aikin?"

Ya sa Zacharias ya kashe injin, ya danna fambel, bel ɗin robar da ke juya na'urar caji, da babban yatsa, a ɗaure yake. Ya goge kawunan batir, ya bi ƙatuwar wayar da ta taso daga altaneta, na'urar da ke mayar wa batir wuta, bai ga inda ta tsinke ba. Ya duba fiyus ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga kowanne ga rana. Aka kira azahar, ya ajiye kaya ya tafi masallaci.

Zacharias ya tsaya shi da mota. Ya yi tunanin Lydia da tukwanenta a bakin titi. Ya yi tunanin cocinsu, inda shi ne ke riƙe makullin ɗakin kayan kiɗa, da yadda labari zai riga shi isa can. Ya sayi ruwan leda, ya manta bai sha ba, ya riƙe har ya yi ɗumi.

Ƙarfe biyu saura Sabo ya dawo. Suka tayar da motar da batir ɗin rumfa. Ya kai sukuddireba bayan altanetar, ƙarfen bai manne ba.

"Babu maganaɗisu. Barci take."

"Ya ƙone?"

"Na ce barci. Tsaya."

Ya ɗauko guntun waya, ya ɗora baki ɗaya a kan batir, ya taɓa ɗayan a wani ɗan ƙaramin kunne a bayan altanetar. Nan take muryar injin ta yi nauyi, allurar mita ta haura sha huɗu ta tsaya.

"Ka gani? Lafiyarta ƙalau. Ba mai tashinta ne kawai. Kashe. Yanzu murɗa makulli, kada ka yi kik. Me ka gani a gabanka?"

"Fitilan mai."

"Sai me?"

"Shi kaɗai."

"Ina jar fitilar batir?"

Zacharias ya ƙura wa wurin fitilar ido.

"Tsofaffin motocin nan," in ji Sabo, yana cusa hannu a bayan dashbod, "'yar wutar da ke bi ta cikin ƙwan fitilar nan ita ke tashin altaneta. In ƙwan ya ƙone, shi ke nan, sai ta yi ta juyawa a banza. Wani lokaci in ka taka sosai a babban titi takan farka da kanta, shi ya sa batir ɗin yake kai kwana tara." Ya zaro mazaunin ƙwan, ya juya shi, ya dubi Zacharias. "Wannan bai ƙone ba. Babu shi ma. Wane jahilin ne ya cire?"

Zacharias ya buɗe gidan tokar sigari. Ƙwan yana nan a nannaɗe cikin takardar alewa, inda ya ajiye shi wata biyu da suka wuce.

Ranar sun ɗauko wani babban baƙo daga filin jirgi. Tsohon fambel ya saki, jar fitilar tana ta ƙiftawa. Baƙon ya leƙo ya yi dariya, ya ce, Maitama, motarka ma ido take kashe maka, tana neman fansho. Da suka sauke shi, Malam Maitama ya ce cikin fushi, "Ka kashe min wutar nan, kada in sake ganinta." A Hausarsa ta Kano nufinsa a gyara abin da ya kunna ta. Zacharias kuwa, da ya koyi Hausa a tasha, abin da aka ce masa shi ya yi. Ya sa hannu ya kashe ta.

Sabo ya yi dariya har da riƙe bonet. "Kai, Zakariya! Da ya ce ka kashe masa ƙishirwa fa, da yanzu muna zaman makoki!"

"Baba, ba abin dariya ba ne. In na ce ban sani ba, ni ɓarawo. In na faɗa, ni na kashe batir uku."

"Ka ce ƙwan ne ya ƙone. Ƙwai yana ƙonewa. Ni ba zan bi ka Sakatariya in ƙaryata ka ba."

Ya mayar da ƙwan, jar fitilar ta kama, aka tayar da motar, fitilar ta ɗauke da kanta. Mita ta nuna sha huɗu.

Duk hanyar komawa Zacharias yana gwada maganar a bakinsa. Ƙwan ne ya ƙone, oga. Ta fito sumul a shataletalen AYA. Ta fito sumul a gaban Sakatariya, ƙarfe huɗu saura minti goma.

Malam Maitama ya fito da jakarsa. Bai zauna a baya ba. Ya miƙa hannu aka ba shi makulli, ya shiga mazaunin direba, ya murɗa don ya ji da kansa. Jar fitilar ta haska masa fuska. Ya ɓata rai.

"Ba na ce ka kashe min wutar nan ba?"

Zacharias ya yar da maganar da ya shirya.

"Na kashe shi, oga. Tun ranar da ka faɗa. Na cire ƙwan. Shi ne dalili. Baba Sabo ya ce in babu fitilan nan, mota ba ya caji."

Malam Maitama ya dube shi, ya dubi fitilar. Ya yi kik. Injin ya tashi bugu ɗaya, jar wutar ta ɗauke. Ya daɗe zaune, hannunsa a kan sitiyari. Mutum ne da ya shekara ashirin da biyar yana rubuta umarni a gefen fayil, kuma bai taɓa tunanin akwai wanda zai bi umarninsa daidai yadda ya faɗa ba.

Bai ba da haƙuri ba; ba a koyar da wannan a matakinsa na aiki. Ya fito, ya bar makullin a jiki, ya zagaya ya zauna a baya.

"Gida," ya ce. Da suka fita daga ƙofa ya ƙara daga bayan jarida, "Daga yau in na ce ka kashe wani abu, ka tambaye ni tukuna."

A Garki Lydia tana tsaye a bakin famfo, idonta a kan fuskar mijinta. Zacharias ya gyaɗa mata kai kaɗan, ya ja birkin hannu, ya bar injin yana aiki. Malam Maitama ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ya waiwayo.

"Me kake jira?"

"Oga, in kashe motar?"