Yatsan Malam Zailani

"Yage ta," in ji Malam Zailani. Tari ya sarƙe shi, sai da matarsa Furera ta tallafo kansa.

Maƙwabcinmu ne a Bebeji, tsohon akawu, kwanansa arba'in a kwance. Takardar neman aiki na kai masa ya duba, aikin allurar shanu da ake ɗaukar mutane a Kano. Kwana uku ina tsara ta, har ƙwalla na yi don daɗin kalmomina.

"Baba, mene ne laifinta?"

"Layi tara gaisuwa, layi shida kuka, kai maraya, kai talaka. Kai Uba, sadaka kake nema ko aiki? Rani nawa ka bi masu allura a Dangora?"

"Biyu."

"Fillanci fa?"

"Ina ji, ina mayarwa."

"To, ina suke a nan?"

Na sunkuyar da kai. "Ai da kunya mutum ya yabi kansa."

"Kai wa surukanka kunyar. Mai karantawa bai san ubanka ba. Sa shekara, sa gari, sa abin da hannunka ya yi. Kada ka ƙara ko ɗan maraƙi, za su tambaya."

A bakin gadonsa na sake ta, layi takwas, busasshiya kamar karan dawa. Saura shaidarsa, don ba a karɓar takarda sai da sa hannun wanda ofis ya sani, motar Kano kuma da safe za ta tashi. Ya faɗa, na rubuta. Ya karɓi alƙalami. Mutumin da ake tasowa daga Kiru don kyan rubutunsa, sau uku yana ɗora alƙalami yana zamewa.

"Malam, bari sai ka ji sauƙi," in ji Furera.

"Miƙo tawada."

Ya dangwala babban yatsa, kamar manoman da ya shekara talatin yana riƙe wa hannu. Bai dube ni ba.

"Ka ce musu ciwo ne. Kada su zaci na manta."

Akawun Kano ya daɗe yana kallon yatsan. "Zailani ne da dangwale?" Sannan ya ce in dawo Litinin da kayana.

Washegari na sauka daga mota a Bebeji da gudu, bakina cike da albishir. Tabarmi na tarar a ƙofar gidansa, dattawa na zaune. Tun jiya aka kai shi.

Liman ya matsa mini wuri. Can ya ce, a hankali, sun cuɗa yatsan har sau uku, shuɗin bai fita ba. Haka suka sa shi a likkafani.