Muryar Baba A Cikin Silin

Badung dai niyyarsa ta alheri ce, wannan ko maƙiyinsa zai shaida. Tun da mahaifinsa Baba Natana'el ya rasu bara, gidansu na Anguwan Rukuba ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Tsohuwarsa Mama Loyis ita kaɗai ke ciki, ga yanar ido ta fara rage mata gani, ga rediyonta ya tsufa, sai an mammare shi yake magana. Shi kuwa Badung aikin wutar lantarki yake yi a Kuru, sai ƙarshen mako yake leƙowa. Sai ya ce bari ya maƙala mata sifika a silin falo, irin farar nan mai faɗin faifai da ke lafewa ba a lura da ita, ya zuba mata waƙoƙin coci ta riƙa ji tana 'yan aikace-aikacenta. Kuma don iyayi, wai ba zai gaya mata ba, sai dai kawai ta ji kiɗa na sauka daga sama.

Ranar Asabar ya biya ta Titin Bauchi ya sayi kayan, ya daidaici lokacin da Mama ke taron zumuntar mata, ya buɗe gida da nasa makullin. Ya auna silin ya yanka rami, ya zura sifikar ta zauna daram, ya share garin da ya zuba tas. Daga nan ya kafa tsani a tsohon ɗakinsa, ya tura ƙofa, ya haye cikin silin don ya ja waya. Kwanon rufi ya ɗau zafi, ga yanar gizo, ga kashin ɓera, amma gogan naka har fito yake yi don jin daɗin dabararsa.

Da ya gama haɗa sifikar da wayarsa ta hannu sai gwaji. Maimakon ya sa waƙar da ya zo da ita, sai hannunsa ya kai shi ga wani tsohon saƙon murya da Baba ya taɓa turo masa. Kewa ce ta ja shi, ba komai ba. Ya ƙure ƙara ya danna. Muryar tsohon ta cika gidan, garau, har da ɗan tarin nan nasa. Ya tambayi Badung aiki, ya tambaye shi sanyin Kuru, sannan ya juya yana kiran matarsa ta zo su gaisa da yaro.

“Loyis! Loyis! Zo mana, ina jiran ki.”

A nan saƙon ya yanke, don tsohon bai taɓa iya riƙe maɓalli har ƙarshe ba.

Sai ga wata murya daga ƙasa, a hankali.

“Na'am, Baban Yael.”

Muryar Mama ce. Ashe hadari ya haɗo an tashi taro da wuri, ta shigo Badung bai ji ba, kuma ƙarshen saƙon kaɗai ta riska. Wannan fa matar ce da ta ja musu kunne shi da yayarsa Yael tun suna yara, cewa in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kira ba, kada ka kuskura ka amsa, waɗanda suka riga mu ne ke neman abokin tafiya. Duk zuwa cocinta ba ta taɓa sakin wannan ba. Yau ga shi ta amsa da bakinta, kuma da saninta.

Da ya yi gyaran murya a lokacin, da magana ta ƙare, ta zage shi su yi dariya. Amma kafin ya buɗe baki ya ji ta durƙusa ta fara magana da mijinta, irin maganar da ɗa bai kamata ya ji ba. Ta ce har yanzu ba ta kwanciya a gefensa na gado. Ta ce takan manta ta zuba abinci kwano biyu. Ta ce ta gaji.

“Yara sun girma, ba su da sauran buƙata da ni,” in ji ta. “Badung ma in ya zo, wayarsa yake kallo. Ka ɗan ba ni lokaci in kintsa gida, ina nan tafe.”

Badung na rakuɓe kan katako, gumi na shiga masa ido, ya kasa ko motsi. Kunya ta hana shi sauka. Sai da ta zaga kicin a bayan gida ya lallaɓo ya sauko, ya sulale waje kamar ɓarawo, ya zagayo ya yi sallama a ƙofa wai yanzu ya iso. Ya tarar da ita fuska sai annuri, rabon da ya gan ta haka tun kafin jana'iza. Ta dafa kansa ta sa masa albarka. Ya kwana, ya je coci da ita, ya koma Kuru bai gaya mata gaskiya ba. Yana ta rarrashin kansa cewa za ta manta.

Ina fa! Tsakiyar mako Yael ta kira shi tana kuka.

“Kai, ka san abin da Mama ke yi kuwa? Ta rabar da zannuwanta. Kajinta ma ta ba maƙwabta. Ta wanke kayanta na zumuntar mata ta goge, wai da su za a rufe ta. Abinci sai ta ɗan taɓa, maganin hawan jinin kuwa ta ce ba ta sake sha. Wai Baba ya kira ta.”

“Wai... ya kira ta?” in ji shi, murya kamar ba tasa ba.

“Haka ta ce. Fasto ya zo ya yi ta magana, murmushi kawai take masa.”

Badung ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Garin neman gira ga shi zai rasa ido. Ya ajiye aiki ya hau mota, duk hanya zuciyarsa na cin sa. Abin da ya fi damun sa shi ne annurin nan na fuskarta. Shekara guda ba wanda ya iya sa ta farin ciki sai wannan ƙaryar, kuma shi ne zai je ya ƙwace.

Ya same ta zaune a falo, ta jawo kujera daidai ƙarƙashin sifikar, don daga nan ta ji muryar ta fito. Ta rame, wuya ya fito. Ga gwaten accar da Yael ta kawo ya huce a gefe, ko buɗe shi ba a yi ba.

Ya zube gabanta.

“Mama, na yi miki laifi.”

“Wane laifi, ɗana? Tashi mana.”

Bai tashi ba sai da ya faɗa mata komai, yana yi yana in'ina. Ta girgiza kai, ta ce ita ta san muryar mijinta. Sai ya ɗauko tsani ya hau, ya ɓalle farin murfin sifikar ya sa mata a hannu. Ta shafa shi, ta juya shi, ta kai shi kusa da ido. Sannan ya danna saƙon tun daga farko. Baba ya gaishe da Badung, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin Kuru, ya yi ɗan tarinsa, ya kira ta.

Mama ta ajiye murfin a cinyarta.

“Ranar da ya yi maganar nan ina wanke-wanke,” in ji ta. “Na tuna. Na ce masa ina zuwa, ban zo ba.” Ta ɗago kai. “Kana can sama, ka ji duk abin da na faɗa?”

“Na ji, Mama.”

“Ka kuma zagayo ka yi mini sallama.”

Ya sunkuyar da kai. Da ma ta ɗauki muciya ta rafka masa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta ko ɗaga murya ba. Cewa ta yi ya miƙo mata maganinta da ruwa, ya kuma ɗumama gwaten. Nan da nan ya yi. Ta sha maganin, ta ci gwaten cokali bayan cokali har ta cinye, yana tsaye yana kallo, yana godiya ga Allah a ransa. Amma annurin ya tafi. Fuskar ta koma irin ta ranar da aka dawo daga maƙabarta.

Ta ajiye kwanon, ta goge baki da gefen zane.

“Ni na ɗauka kewata ya yi,” ta ce.

Hawaye suka ƙwace wa Badung. Ya juya ya kama tsani, ya ce bari ya cire abin nan ya toshe ramin, kada ta sake ganin sa.

“Bar shi,” in ji Mama. “Sake sa mini.”

Ya danna. Muryar ta sake saukowa daga silin, ta bi gaisuwar nan duka har ta iso wurin.

“Loyis! Loyis! Zo mana, ina jiran ki.”

Badung ya ga leɓɓanta sun motsa. Sai ta kama gefen zanenta ta toshe baki da shi, ta riƙe gam har saƙon ya yanke.