Jan Tsumma a Bakin Kwata

"Kai ka karya shi, Mai Shago! Kai, ba kwata ba!"

Tsohuwa ce tsaye a ƙofar shagon da sandar mijinta a hannu, mayafi ya zame ba ta ko kula ba. Mai Shago ya ajiye ledar sukarin da yake ƙullawa.

"Haba Inna, a yi haƙuri mana. Ƙaddara ce."

"Ƙaddara ce ta ɗaga murfin kwata? Hannu gare ta?"

Tun da idon mijinta ya mutu, abu ɗaya ya rage masa a duniya, yawon safe. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota, ga shi ya dawo bin gefen titi da sanda. Gari na fara wayewa zai fita, ya bi ta kan murafen simintin da aka rufe kwata da su. In sanda ta ce ƙwal, yana kan hanya. Ya wuce gidan burodi ya shaƙi ƙamshi, ya tsaya gindin bishiyar kan kwana ya ji tsuntsaye na hayaniyarsu, sannan ya juyo. Bai taɓa yarda matarsa ta ja shi ba.

"Ke zauna," yakan ce, "gwiwarki ta fi idona lalacewa."

In ya dawo sai ya zauna a dakalin ƙofa, ya karɓi shayi, ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Yau ma na je na dawo da ƙafata." A duk yini, lokacin nan kaɗai ne ba ya faɗa da kowa, har da ita.

Sai kwata ta toshe a gaban shago, wari na korar masu ciniki. Da yamma Mai Shago ya ɗaga murafen ya yashe ta, gajiya ta kama shi, ya bar ta a buɗe. Ya kafa itace, ya ɗaura jan tsumma, ya yi tafiyarsa.

Washegari shayi ya huce a dakali. Masu burodi ne suka tsamo tsohon daga kwatar, suka kawo shi a kan ƙyaure, ƙugu a karye, gemu duk baƙin laka. Likita ya ce ƙashin tsoho ba lallai ya haɗe ba.

Ita kuwa ba karayar ce ta fi ci mata rai ba. Tsohon ya ɗauka shi ne ya saki hanya. Kullum da asuba hannunsa zai lalubi sanda, sai ya tuna, ya juya ga bango yana cewa, "Ido ya tafi, kai ma ya bi shi." Ta gaya masa buɗe kwatar aka yi, ya ce lallashinsa take yi kamar yaro. Tun ranar ba ta sake jin godiyar nan a bakinsa ba.

"Ai na sa alama, Inna," in ji Mai Shago. "Kowa ya gani."

"Kowa ya gani! Ku ji min ɗan nan! Makaho ka ɗaura wa jan tsumma? Shi da ke gaishe ka kullum kana kiciniyar buɗe kwaɗon shago?"

Mutane sun taru. Tela ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Inna, a bar wa Allah."

"Kai ka ji da zarenka."

Mai Shago ya zaro gwangwanin madara ya miƙo mata, kansa a ƙasa. Ta ture gwangwanin da bakin sanda, ya gangara har cikin kwatar.

"Madara zan shafa masa a ƙugu? Rufe shagon nan. Ka biyo ni, ka durƙusa a gabansa, ka gaya masa da bakinka cewa bai ɓata hanya ba, kai ka cire masa ita daga ƙarƙashin ƙafa. In ba haka ba, nan zan zauna, ko allura ba za ka sayar ba. Fito ka amsa abin da ka yi!"