Buhu Uku na Mubaraka

Shekara tara Mubaraka tana ɗaukar gyaɗa bashi a shagon Alhaji Tsoho da ke Kaura Namoda, buhu uku duk Litinin. Ta kai gida ƙauyen Banga, ta matse mai, ta soya ƙuli-ƙuli, Litinin mai zuwa ta kawo kuɗi da hannunta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa sa mutumin nan ya leƙa hanya yana jiran ta ba. Ba gona gare ta ba, ba shanu ba; sunan nan shi ne jarinta gaba ɗaya.

Shi ya sa ranar da motar kaya ta sauke mata buhu ɗaya tal, ta ɗauka mantuwa ce. Mako na gaba, ɗaya. Na gaba kuma direba ya ce Alhaji ya ce daga yanzu sai kuɗi hannu.

Ranta ya ɓaci ƙwarai. Mijinta Muhtari ya ce ta yi haƙuri, wataƙila kasuwa ce ta juya wa Alhaji baya. Muhtari kam, ko rumbu ne ya kama wuta, da haƙuri zai fara kashe ta.

Abin da ya canza a wata ukun nan ɗaya ne. Da Shari'a ta kankama, mata suka daina hawa kabu-kabu a bayan namiji, kuma Mubaraka ba ta yi gardama ba, don har guɗa ta yi ranar da aka ƙaddamar. Sai ta koma ba wa ƙanen mijinta Idi kuɗin ya kai, shi ɗan kabu-kabu ne da ke shiga Kaura kullum. Tsakanin mace da ƙanen miji kuwa wasa ne. In ta ce, "Ka kai?" sai ya ce, "Na cinye su, matata, na sayi kilishi." Ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, a yi dariya, magana ta mutu.

Ranar Litinin ta ɗaure kuɗinta a bakin zane, ta zura hijabi, ta kama hanyar Kaura da ƙafa. Sai da hantsi ya yi sosai ta isa.

"Alhaji, mi na yi maka?" ta tambaya bayan gaisuwa.

Alhaji Tsoho ya hau gyaran hula, yana kallon buhuna. Ga shi dattijo mai kara, irin wanda ya gwammace ya rage maka awo a ɓoye da ya buɗe baki ya ce ka makara.

"Ba komi, Malama Mubaraka. Yanayi na."

"Yanayi bai san gidana ba sai bana? Buɗe littahin nan in gani."

Ya buɗe ba da son ransa ba. Ga sunanta da ajami, ga layi goma sha biyu a jere, kowane da jan ɗigo a gefe. Kuɗin suna zuwa cif, amma ba Litinin ba, sai Asabar.

"Idi ka kawo su Asabat," in ji Alhaji a hankali. "Na ɗauka ke kinka shiga matsi, na ji kunyat tambaya."

Nan take lissafin ya fito mata sarai. Alhamis ce kasuwar Shinkafi. Idi ya riƙe kuɗinta, ya sayi awaki can, ya sayar Juma'a, Asabar ya kawo wa Alhaji uwar kuɗi, ribar ta tafi aljihu. Ai ga sabon agogon da yake ta ɗaga hannu a gani. Shi yana juya kuɗinta da wasa, Alhaji yana rage darajarta da kunya, ita kuma tana gida tana shan hayaƙin suya. Takaici ya cika ta har wuya.

"To goge jan ɗigon nan duka," ta ce.

"Ba a goge littahi. Amma tunda na gane, gobe a kai miki ukunki."

"A'a. Ba tausai na zo nema ba. In ka ba ni yau don ka ji kunyata, gobe wani ya buɗe wanga littahi ya ga ja goma sha biyu gaban sunana. Ka bar ni da bashin buhu guda. Duk Litinin da na kawo da ƙahwata, ka ja layi kan ɗigo guda, gabana."

Haka aka yi. Buhu ɗaya ba ya ciyar da sana'a. Masu sayen manta biyu suka koma wajen wata, ta sayar da tunkiyarta ta toshe giɓi. Damina ta sauka, hanya ta zama taɓo, takalmi biyu suka tsinke. Ba ta kai ƙarar Idi wurin kowa ba, ta dai daina yi masa dariya, kuma duk gidan sun ji wannan fiye da ƙara.

A mako na bakwai ya cim mata a hanya, ya rage gudu.

"Haba matar yaya, kawo in kai miki. Wallahi yau yau ɗin nan."

"Wuce, Idi. Kuɗɗin ga sun koyi tahiyar ƙasa."

Litinin ta goma sha biyu ta riga Alhaji zuwa shago. Ya same ta zaune a dakali, taɓo har idon sawu. Ya ƙirga kuɗi, ya ɗauki biro ya ja layin ƙarshe, ita kuwa ta sunkuya ta bi shafin da yatsa daga sama har ƙasa, ta tabbata ba a tsallake ko ɗaya ba.

"A ɗora ma Malama buhu uku," Alhaji ya ce wa masu lodi.

Mubaraka ta miƙe, ta gyara hijabinta.

"Uku na wadda ka hawa babur na, Alhaji. Ni da ƙahwa na zo. Rubuta huɗu."