Inda Gidan Perrine Yake

Ranar da aka ce kowa ya fita daga garin Brest saboda yaƙi, cikin watan Agusta, Goulven ya ƙi. Kafintan jiragen ruwa ne, ya ba saba'in baya, kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Matarsa Perrine ta ƙulle kayanta a bargo, ta tsaya bakin ƙofa tana yi masa magiya.

"Ke dai tafi wurin ƙanwarki," ya ce. "Shekara huɗu Jamusawa na garin nan ban gudu ba, sai yanzu da za a kore su? Kayan aikina fa, wa zan bar wa?"

"Zarto da guduma ne za su tare maka bam?"

"In wuta ta yi yawa sai in sauka ɗakin ƙasa. Akwai dankali, akwai giyar tuffa. Me kuma mutum yake nema?"

Ta tafi tana mita. Mako shida ta yi a ƙauye, kullum tana jin rugugi daga wajen teku kamar hadari ya ƙi sauka. Da labari ya zo cewa Amurkawa sun ƙwace garin, ta roƙi wani mai keken doki ya ɗauko ta.

Layinsu a cikin kwari yake, gidaje manne da juna, matakala na gangarawa har bakin ruwa. Abin da ta tarar tsibin duwatsu ne da ƙonannen katako, tun daga sama har ƙasa. A nan ta haɗu da Naig, maƙwabciyarta mai sayar da kifi, wadda ta fita bayan kowa.

"Na gan shi da idona, Perrine. Ya rungumi akwatin kayan aikinsa ya sauka ƙasa. Na yi ta ƙwala masa kira, kin san kunnen nan nasa."

Perrine ta duba sunaye a asibiti, ta duba a maƙabarta, babu. Ta shiga zarya a wani ofishin hukuma na katako, a kan a tono mata shi. Kullum amsar ɗaya ce: tashar jiragen ruwa ce a gaba, an nutsar da jirage a bakinta, ga nakiyoyin da ba su fashe ba, ga mutane dubbai ba wurin kwana. Ta yi haƙuri. Haka sanyi ya shigo ya wuce.

Sai ta ji an ce za a cike kwarin da ɓaraguzan gari, a daidaita ƙasa, a shimfiɗa titi miƙaƙƙe. Ta je ta sami shugaban leburorin wurin, wani mai suna Abgrall, ta riƙe hannun rigarsa.

"Iya, ba ni na zana taswirar ba," ya ce. Ya cire hula ya sosa kai. "To, ranar Asabar zan ba ki fursunonin Jamus shida, wuni ɗaya. Amma ki nuna wurin daidai, don ba ni da wata ranar."

Shekara talatin da takwas ta yi a gidan. Amma da ta tsaya kan tsibin ranar Asabar, ruwa na yayyafi, mutum shida riƙe da shebur suna jiranta, sai kanta ya ɗaure. Ba fitilar titi, ba famfon unguwa, hasumiyar cocin ma da take gani ta tagarta saura guntu.

"Nan ne," ta ce.

"Haba, kin sauko da yawa," in ji Naig. "Can sama ne."

"Gidanki ne ko nawa?"

Suka haƙa inda Perrine ta nuna. Da rana ta karkata suka kai ga matakalar wani ɗakin ƙasa. Perrine ta dafe ƙirji. Wani dattijo cikin fursunonin ya shiga da fitila, ya daɗe, ya fito yana jan wata kujerar ƙarfe mai wurin jingina kai. Kujerar wanzamin unguwa ce.

"Na gane!" Perrine ta ce da ƙarfi. "Daga wanzami gida uku ne zuwa namu. Ga shi can, wallahi ga shi can!"

Abgrall ya dubi agogo, ya kawar da kai.

"Gobe za a kai su tashar jiragen ruwa, Iya. Litinin motocin tura ƙasa za su shigo."

"Rabin wuni kawai, ɗana. Yanzu na san wurin."

"Da a hannuna yake..." Bai ƙarasa ba. Mai gadi ya busa usur, fursunonin suka jeru suka tafi.

Ranar Lahadi ita da Naig suka zo da shebur ɗin kwasar gawayi da bokiti. Suka kwashe abin da za su iya, farcensu ya tsattsage, har suka ci karo da wani dutsen bango da ya faɗi a kwance. Suka sa kafaɗa su biyu, ko gezau bai yi ba. Naig ta zauna a kai ta fashe da kuka. Perrine ta durƙusa ta kai bakinta wata 'yar kafa tsakanin duwatsu.

"Goulven, ni ce. Na zo, na kasa."

Litinin da safe tana tsaye bayan igiyar da aka gitta lokacin da motocin suka fara turo ƙasa. Kafin azahar wurin ya zama fili.

An ba ta ɗaki a jerin gidajen katako da aka kafa wa waɗanda suka rasa muhalli, a bayan gari. A takarda an rubuta Goulven cikin waɗanda suka ɓace, don ba a ga gawa ba. Gari ya tashi da dogayen gine-ginen siminti, aka buɗe kantin takalma da wurin shan kofi a sabon titin. Perrine ta rayu shekara goma sha ɗaya bayan haka. In za ta kasuwa ba ta taka sabon titin, sai ta zagaya ta bakin ruwa, ko da ana ruwan sama, ko da gwiwa na damunta.