Tseren Tsohuwa

A ofishin wani kamfanin kujeru, kwamfutar Kawu ce abin tsokana. Laftof ce mai kauri kamar katifa, maɓallin harafi ɗaya ya fice, murfinta sai an tokare shi da kwali. Tsohuwa suke ce mata. Da ita yake amsa saƙon masu saye, yake tsara wa direbobi inda za su kai kaya, kuma ba ta ba shi kunya, in dai an yi mata haƙurin da ake yi wa manya.

Abin da ba wanda ya sani, da an fita cin abincin rana, Tsohuwa wasan tseren mota take shiga. Ƙanin matarsa ne ya koya masa: wasan can yake gudana a wata ƙatuwar na'ura mai nisa, ita hoton kawai take karɓa, kamar mai kallon ƙwallo ta tagar maƙwabci. Sai dai kallon nan yana shan intanet ɗin ofis kamar raƙumi ya ga rijiya.

Rannan Manaja tana tsakiyar taron bidiyo da masu wani otal, hotonta ya daskare baki buɗe. Mai gyara ya duba ya ce wani ne ke buga wasan kwamfuta da rana. Ido ya koma kan Auta, mai zanen talla da aka ɗauka gwaji, mai sabuwar laftof da fitilu kala-kala, wadda ita ma a kujerarta take cin abinci.

"Kawu, kai ne babba," in ji Manaja. "Sa mata ido. In ita ce, ba zan riƙe ta ba."

An ba kura ajiyar nama. Ya ce to.

Dabara ta faɗo masa: ya daina wasan, magana ta mutu. Ya daina. Intanet ya miƙe sumul.

"Ka gani ko?" Manaja ta ce. "Tunda ka sa mata ido ta natsu. Ita ce. Gobe zan sallame ta."

Da rana Auta ta ajiye masa shayi, kamar kullum, ta gyara wa Tsohuwa kwalinta.

"Kawu, me na yi wa Manaja ne? Gaisuwata ma da ka take amsawa."

Ya ture shayin gefe. Mutum da furfurarsa da tumbinsa, ya bar yarinya sa'ar 'yarsa ta ɗauki kayansa a ka. Ya rungumi Tsohuwa, har da kwalin, ya nufi teburin Manaja.

"Ranki ya daɗe, ni ne."

Ofis ya ɗauki dariya. Wani direba har da riƙe ciki.

"Kawu, in ceton yarinya kake so, nemi ƙaryar da za ta zauna," Manaja ta ce. "Da wannan? Da in ta buɗe wasiƙa sai ta yi tari?"

Bai taɓa zaton sai ya kawo shaida kafin a yarda shi mai laifi ne ba. Ya tokare murfin, ya shiga wasan. Ga jar mota a bakin layi, ga sunan da ya raɗa wa kansa ɓaro-ɓaro a samanta: Guguwa. Yatsunsa, marasa kunya, suka sha kwanar farko da gwaninta. Nan take bidiyon da ke allon Manaja ya daskare.

Dariya ta dawo, ta fi ta farko. Auta kaɗai ba ta yi ba.

"Ashe kai aka ce ka sa min ido, Kawu?"

Ya rungumi Tsohuwa ya koma teburinsa.

Auta ta zauna a aikinta. Shi kuma aka yanke masa hukuncin cin abinci a waje, direbobi na bin sa da "Guguwa, a taka birki!" Wannan duk mai sauƙi ne. Washegari da ya dawo, teburinsa ba shayi, murfin Tsohuwa kuma ya kife, ba wanda ya tokare mata.